Maganin da Ba a Gama Gwada Shi Ba

A watan Yuli na shekarar 2014 wani likita mutumin Saliyo, ana ce da shi Sheik Umar Khan, ya kwanta ciwo a wani sansanin jiyya a garin Kailahun. Cutar da ta kama shi ita ce Ebola, wadda a lokacin nan ta auka wa ƙasashen Gini da Laberiya da Saliyo, ta kuwa kashe mutum fiye da 11,000 kafin ta lafa a 2016. Shi wannan likita ya san cutar sarai, gama ya yi jiyyar mutum fiye da 100 waɗanda ta kama kafin ta juyo kansa. To, a sansanin nan akwai 'yan kwalabe na wani sabon magani mai suna ZMapp, an ajiye su cikin sanyi. An gwada shi a jikin birai ya yi kyau, amma ba a taɓa sa shi a jikin ɗan Adam ba ko sau ɗaya. Likitocin da ke dubansa suka kwana suna shawara. Waɗansu suka ce a ba shi, tun da ba wata dabara. Waɗansu suka ce a'a, ba wanda ya san abin da maganin zai yi, in kuwa ya mutu bayan an yi masa allurar, sai a ce Turawa sun yi gwaji da babban likitan ƙasa sun kashe shi, mutane su guje wa asibiti. Daga ƙarshe aka tsaya a kan kada a ba shi, shi kansa kuwa ba a tambaye shi ba. Ya rasu ran 29 ga Yuli, yana da shekara 39.

Bayan 'yan kwanaki aka kai maganin nan Laberiya, aka yi wa waɗansu Amurkawa biyu masu aikin asibitin mishan, Kent Brantly da Nancy Writebol, suka warke. Aka kuma ba wani tsohon limamin Kirista mutumin Sifen, shi kuwa ya mutu. Nan fa duniya ta ɗauka da surutu, ana cewa an hana baƙar fata an ba Turawa. Har yau ba mai iya rantsuwa cewa da an ba Dokta Khan da ya tashi, ko kuwa maganin ne ya ta da Amurkawan nan, gama akwai masu warkewa daga Ebola ba tare da shi ba, su biyun kuma an kai su babban asibiti a ƙasarsu, an yi musu jiyya irin wadda ba a samu a Kailahun.

Wannan labari ya ta da wata tambaya wadda ta girme shi: ko ya halatta a ba majinyaci maganin da ba a tabbatar da amfaninsa ga cutarsa ba? In ya halatta, da wane sharaɗi? Shi ZMapp don Ebola kaɗai aka haɗa shi, amma tambayar ta fi tasowa a kan waɗansu magunguna dabam, waɗanda ake sa rai guda ɗaya ya yi wa cututtuka da yawa. Ya kamata mai karatu ya fara sanin yadda suke aiki.

Ƙwayoyin cuta iri-iri ne. Akwai bakteriya, irin masu kawo tarin fuka da kwalara, waɗanda aka daɗe da samun magungunansu. Akwai kuma waɗansu ƙanana ƙwarai da ake kira bairos, ko madubin likita na kullum ba ya nuna su. Su ne masu kawo ƙyanda da shan inna da mura da Ebola da zazzaɓin Lassa da korona. Bairos ba ya iya hayayyafa shi kaɗai, sai ya kutsa cikin ƙananan ɗakunan da aka gina jikin mutum da su, sa'an nan ya yi ta kwafar kansa. A cikinsa akwai wani abu kamar wasiƙa, an rubuta ta da haruffa huɗu kacal, tana faɗin yadda za a ƙera wani irinsa, yana kuma da ɗan magatakardansa mai kwafe wasiƙar. Masana suka lura cewa bairos da yawa, ko da cututtukansu sun bambanta, magatakardansu kusan hannunsu ɗaya ne. Sai suka haɗa magunguna masu kama da haruffan nan, watau haruffan jabu. In magatakardan ya ɗauki na jabu ya sa, ko dai alƙalaminsa ya tsaya cak, ko kuwa wasiƙar ta cika da kure har ta ƙi karantuwa. Irin waɗannan magunguna su ne ribavirin da favipiravir da remdesivir.

Ƙa'ida ita ce, hukumar magunguna ba ta ba magani lasisi sai an gwada shi a kan wata cuta takamaimai, a rubuta sunan cutar da yawan da za a sha a takardar da ke cikin kwalinsa. Amma a ƙasashe da yawa doka ba ta hana likita ya rubuta wa majinyaci maganin nan don wata cutar da ba ta cikin takardar ba, in ya ga dalili. Maganin da aka ce yana harbin cututtuka da yawa kuwa shi ya fi kowane jan hankali zuwa ga wannan hanya. Duk ran da sabuwar annoba ta ɓullo, kansa hannu ke fara zuwa.

Masu cewa a ba da shi suna da hujja, ba kuwa ƙarama ba. Sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama, rashin tausayi ne mai takobi ya tsaya a gaɓa yana tunanin kaifi. Sun ce gwajin magani yakan ɗauki shekaru, Ebola kuwa cikin mako ɗaya ko biyu take gama aikinta. Sun ƙara da abin da malamai suka sani, cewa larura takan halatta abin da aka hana. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta karkata nan. Ran 11 ga Agusta 2014 ta tara masana, suka yanke cewa a irin halin da ake ciki ba laifi a ba majinyata maganin da ba a tabbatar ba. Sai dai sun gindaya sharuɗɗa, cikinsu har da a faɗa wa majinyaci gaskiya ya yarda da kansa, a kuma rubuta duk abin da ya faru a sanar da duniya. Mutane da yawa sun ji kashin farko na hukuncin, sun manta da na biyu. Malaman da suka ce larura tana halattawa kuwa, su ne suka ce gwargwadonta ake auna ta.

Akwai haɗari biyu cikin al'amarin. Na farko, maganar nan da akan yi, wai mai mutuwa ba shi da abin da zai rasa, galibi ba gaskiya ba ce, don ba wanda ya san wane ne mai mutuwa. Ko Ebola, a kan ƙiyasi, rabin waɗanda ta kama take kashewa. Ɗaya rabin suna da ran da magani zai iya ɓatawa. Magungunan nan kuma ba ruwan sanyi ba ne. Ribavirin yana fasa jajayen ƙwayoyin jini har mutum ya yi ƙarancin jini, yana kuma iya nakasa ɗan da ke ciki. Favipiravir, da ƙasar Japan ta ba shi lasisi a 2014 don sabuwar mura, sai ta ce a ajiye shi kada a sayar a kanti, saboda an ga yana lalata cikin dabbobi. Garin neman gira akan rasa ido.

Haɗari na biyu ya fi ɓoyuwa, shi ne ruɗin ido. In an ba mutum magani ya warke, sai a yabi magani. In ya mutu, sai a ce ciwon ne ya yi nisa. Ta haka magani ba ya taɓa faɗuwa a shari'a. Misalinsa kamar manomi ne wanda aka ba sabon taki ya zuba wa gonarsa duka, damina kuwa ta yi kyau a shekarar nan. Ya cika rumbu, amma bai san ko taki ne ko ruwa ne ba, baɗi kuma zai sake kashe kuɗinsa cikin duhu. Maƙwabcinsa da ya raba gona biyu, ya zuba wa rabi ya bar rabi, ya ƙirga dammunan kowane gefe, shi ne ya san gaskiya, shi ne kuma zai iya faɗa wa gari.

Labarin zazzaɓin Lassa ya isa misali, ba kuwa labarin nesa ba ne. A 1969 aka fara gane cutar, bayan ta kama wata nas a asibitin mishan na garin Lassa, a jihar Barno ta yanzu. Aka kai ta Jos ta rasu, wadda ta yi jiyyarta ita ma ta rasu, ta uku aka kai ta Amurka ta tsira. Daga baya aka gano cewa wani irin ɓera ne ke ɗauke da cutar, yana barin ta cikin abinci da fitsarinsa da kashinsa. A 1986 Dokta Joseph McCormick da abokan aikinsa suka buga labarin abin da suka gani a Saliyo. Sun ce cikin majinyata masu ciwo mai tsanani waɗanda ba a ba magani ba, 55 cikin 100 suka mutu. Waɗanda aka yi wa allurar ribavirin cikin kwana shida na farko kuwa, ɗaya kaɗai ya mutu cikin 20. Wannan labari ya faranta ran kowa. Tun daga nan ribavirin ya zama maganin Lassa a Saliyo da Nijeriya da maƙwabtansu, alhali lasisin da ƙasar Amurka ta ba shi na wani ciwon huhun yara ne da ciwon hanta.

Amma fa ba a raba gonar biyu ba. An kwatanta waɗanda aka ba maganin da waɗansu da suka kwanta a wani lokaci dabam, cikin hali dabam. Da kowa ya riga ya amince, sai ya zama ba likitan da ke da zuciyar hana majinyacinsa don a gwada. Haka aka yi fiye da shekara 30. Daga 2019 masana suka koma suka tone tsofaffin takardun, suka ce hujjar ba ta da ƙarfi, har ma akwai alamar cewa mai yiwuwa ne maganin yana cutar da waɗanda ciwonsu bai yi tsanani ba. Abin lura kuwa, cikin mutum 100 da Lassa ta shiga jikinsu, wajen 80 ciwon ba ya yi musu tsanani. Dubban mutane sun sha allurar nan, likitocin da suka yi musu kuma da kyakkyawar niyya suka yi, duk da haka ba a gama sanin wa ta amfana, wa ta cuta ba. Sai a 'yan shekarun nan aka soma gwada shi gefe da gefe da favipiravir a asibitocin Irrua da Owo.

Shi favipiravir ma ya taɓa faɗawa irin wannan rami. Daga Disamba 2014 an ba masu Ebola fiye da 100 a ƙasar Gini, amma da yake kowa aka ba, ba a ware waɗanda za a kwatanta da su a lokaci guda ba, aka gama ba a sami tabbatacciyar amsa ba.

To, ga abin da aka yi a ƙasar Kwango. A 2018 Ebola ta ɓarke a gabashin ƙasar, wurin da ake yaƙi, har ana kai wa asibitoci hari. Masana, cikinsu har da Farfesa Jean-Jacques Muyembe ɗan ƙasar, suka ce a wannan karo sai an ƙirga. Suka kawo magunguna huɗu: ZMapp, da remdesivir, da waɗansu sababbi biyu da aka haɗa don Ebola kaɗai, ɗaya daga cikinsu ma daga jinin wani mutum aka samo asalinsa, wanda ya tsira daga annobar garin Kikwit a 1995. Duk majinyacin da ya yarda, sai a jefa ƙuri'a a ga wanne zai samu cikin huɗun. Ba a bar kowa hannu wofi ba, an kuma rubuta labarin kowa. Daga Nuwamba 2018 zuwa Agusta 2019 mutum 681 suka shiga. Da aka buɗe littafi, sai ga shi cikin kowane 100 da aka ba remdesivir 53 sun mutu, na ZMapp wajen 50, na sababbin biyu kuwa 35 da 34. Nan take aka tsai da biyun farko, aka koma ba kowa sababbin.

Mai karatu ya duba wannan da kyau. Remdesivir, maganin da ake alfahari da shi don yana harbin bairos iri-iri, wanda kuma ya tsirar da birai daga Ebola, shi ne ya zo na baya. ZMapp da aka yi ta kuka a kansa a 2014 shi ma bai kai ba. Da an bi hanyar da aka bi a Lassa, da yanzu ana nan ana ba masu Ebola ɗaya daga cikinsu, ana yabonsa duk ran da wani ya tashi. Abin da shekara 30 ba su warware ba a can, wata tara sun warware shi a nan, a tsakiyar yaƙi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wani zai ce, ashe ba rashin imani ba ne a jefa ƙuri'a a kan ran mutum? Tambaya ce mai nauyi, gama uban da ɗansa ke kwance bai damu da amfanin mutanen baɗi ba, ɗansa yake so. Amsa ita ce, ƙuri'a tana zama zalunci ne in likita ya san wanda ya fi ya ɓoye. In bai sani ba, zaɓinsa ma caca ne, sai dai caca ce wadda ba ta koya wa kowa kome. Har wa yau, in magani kaɗan ne masu bukata da yawa, in ba a jefa ƙuri'a ba sanayya ce za ta raba shi, ya tafi ga mai kuɗi da mai uwa a gindin murhu. Sharaɗin kawai shi ne, ran da gaskiya ta bayyana a tsai da ƙuri'a, kamar yadda aka yi a Kwango.

Gwaji kuma ba ya zaluntar magani, matsayinsa yake nuna masa. Remdesivir ɗin nan da ya faɗi a Ebola, da korona ta zo a 2020 sai aka sake auna shi. A Amurka aka ga yana rage kwanakin jiyya daga 15 zuwa 10. Babban gwajin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna bai rage mutuwa sosai ba ga waɗanda suka riga suka kwanta asibiti. Daga baya aka gane cewa amfaninsa ya fi yawa in an yi shi da wuri, tun ciwo bai kwantar da mutum ba. A shekarar nan kuma aka ga abin da gaggawa ke jawowa. A watan Maris shugaban Amurka ya yabi kulorakwin, tsohon maganin zazzaɓin sauro, wai zai yi wa korona. Kafin mako ya zagayo, hukumomin lafiya a Ikko suka ba da sanarwa cewa an kwantar da mutane a asibiti don sun sha ya wuce kima. A watan Yuni wani gwaji da aka yi a Ingila da mutum fiye da 4,000 ya nuna cewa ɗan'uwan kulorakwin ɗin, wanda aka fi sa wa rai, bai hana mutuwa ba.

Saura maganar gaskiya, wadda ita ce gindin sauran. A 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Kano, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana. Shi ba maganin bairos ba ne, amma darasin ɗaya ne. Yara wajen 200 aka sa a ciki, rabi aka ba sabon, rabi aka ba wani sananne, 11 suka mutu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musa laifi, aka yi ta shari'a har 2009, sa'an nan aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A nan an raba gona biyu, an kuma ƙirga, amma da yake masu gonar sun ce ba a tambaye su ba, sai abin ya haifi zargi. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, labarin Trovan yana cikin abin da mutane ke ambata. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsoron irin wannan zargi ne ya ɗaure hannun likitocin Kailahun. Kuskurensu kuwa, in kuskure ne, ba a hana maganin yake ba, gama suna da dalili. Yana wajen rashin tambayar mai ciwon, mutumin da shi ne shugaban ɗakin masu zazzaɓin Lassa a asibitin Kenema, wanda ya fi kusan kowa a wurin sanin abin da ake magana a kai.

Saboda haka amsar tambayar ita ce, ya halatta a ba majinyaci maganin da ba a gama gwadawa ba, ko wanda lasisinsa na wata cuta ce, in ciwon mai kisa ne, babu tabbataccen magani, akwai kuma dalili na ilmi da ya sa ake sa masa rai. Amma wanda ya ba da shi ya ɗauki bashi biyu. Na farko na majinyaci ne: a faɗa masa da harshen da yake ji cewa ba a tabbatar ba, a faɗa masa illar da aka sani, a bar shi ya ce i ko a'a, in kuwa ya ce a'a kada a rage masa jiyya ko kaɗan. Na biyu na waɗanda za su kwanta bayansa ne: a rubuta wanda ya warke da wanda ya mutu, a kwatanta da gaskiya in da hali, a bayyana sakamako ko da bai yi daɗi ba. Likitan da ya biya na farko ya bar na biyu, ya ji tausayin mutum ɗaya ya bar dubu cikin duhu. Wanda ya biya na biyu ya bar na farko kuwa, ya mai da ɗan Adam biri.

Talaka ma yana da nasa rabon aiki a ciki. Wanda ya iya karatu ya fi ƙarfin a kama yatsansa a dangwala a takardar da bai san abin da ke cikinta ba. In an kawo masa takarda a asibiti, ya karanta, in ta Turanci ce ya nemi a fassara masa. Ya tambayi likita cikin ladabi: wannan magani don wace cuta aka yi shi, an gwada shi a kan irin ciwon nan ko ba a gwada ba, mece ce illarsa, musamman ga mai ciki, wa kuma ke rubuta abin da zai faru. Likitan ƙwarai ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. In kuwa a kasuwa ne ko a waya aka ji labarin wani magani wai yana kashe kowace cuta, sai a bar shi inda aka gan shi, a kai mai ciwo asibiti tun da wuri.